Ninƙaya a ƙarƙashin teku a Zanzibar lokacin damina

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka je Zanzibar a watan Afrilu don shiga ƙarƙashin teku, tunda otal na sauƙi a lokacin. Ni dai da kai ne, da na dakata.

Daminarsu ba ta zo ɗaya da tamu ta Yamai ba. Ruwa mai ƙarfi yana sauka daga Maris zuwa Mayu, wani ƙarami a Nuwamba. Jiƙewa ba matsala ba ce, ai cikin ruwa za ka. Matsalar ita ce laka da ruwan sama ke korowa cikin teku, ya gurɓace kamar kogin Isa ranar da aka tafka ruwa, har kifin da ke gabanka da ƙyar ka gan shi. In iska ta taso kuma, masu jirgin ruwa kan fasa fita Mnemba, ƙaramin tsibirin da ake zuwa ninƙaya kusa da shi, kuɗinka na tafiya kana zaune a ɗaki.

Ka nufi Satumba ko Oktoba.

Don Allah kada ka ɗauki tukunyar iska sai da malami mai takarda. Takardar Open Water ta PADI, ƙungiyar da ke koyar da shiga ƙarƙashin ruwa, zurfin mita 18 ne iyakarta. Bayan shiga ta ƙarshe, ka bar awa 24 kafin hawa jirgin sama, saboda iskar naitirojin da ta rage a jini.