Tambayoyin Masu Karatu: Koya wa Ɗalibai Walda Domin Gasar Mutum-mutumi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandaren kimiyya a Kaduna, kuma ni nake kula da ƙungiyar ɗalibai goma sha biyu masu haɗa mutum-mutumi domin shiga gasa. Bara mun kai gangar jikin na'urarmu wurin mai walda a kasuwa, ya yi aiki mai ƙwari, amma da muka so matsar da injin da ke juya taya ɗaya, sai da muka yanke kusan rabin firam ɗin. Bana makaranta ta amince a sayi injin walda, kuma ina so duk ɗaliban su koya. Wane inji ya kamata mu saya, ta ina zan fara, kuma watanni huɗun da suka rage kafin gasar za su isa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je kasuwa neman inji, ina ba ka shawarar ka buɗe littafin dokokin gasar da za ku shiga, domin ba kowace gasa ce ta yarda da walda ba. Dokokin gasar VEX, alal misali, sun hana haɗa sassan na'ura da walda, sai dai da noti da kusoshi. A gasar FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington a 2017, ana aika wa kowace ƙasa akwatin kaya iri ɗaya ne, a haɗa su da noti. Inda walda take da gurbi shi ne manyan na'urori irin na gasar FIRST Robotics, wadda ƙungiyar da Dean Kamen, wani Ba'amurke mai ƙirƙirar na'urori, ya kafa a 1989 ta fara gudanarwa a 1992 a jihar New Hampshire ta Amurka, inda mutum-mutumi ɗaya kan kai nauyin kilo 50. Ko a can ma, ƙungiyoyi da yawa ba sa taɓa walda, suna haɗa bututun alminiyam ne da 'yan faranti masu huji da kusoshin ribit, kuma suna cin gasa da hakan.

Abin da ya same ku bara shi ne babban dalilin. Mutum-mutumin gasa ba ƙofar gida ba ne da za a ƙera sau ɗaya a kafa ta shekara ashirin. Ɗalibai za su gwada shi yau, su gano cewa hannun ya yi gajere ko tayar ta yi kusa da baturi, gobe su kwance su sake. Abin da aka ɗaure da noti ana kwance shi cikin minti biyar ko a filin gasa ne, abin da aka yi wa walda kuwa sai an yanke. Saboda haka ra'ayina shi ne a yi walda kawai a sassan da aka tabbata ba za su canja ba, kamar ƙasan firam bayan an gama gwaji, duk sauran kuma a bar su a kan noti.

Sai batun ƙarfen da za ku yi aiki da shi, domin shi ne zai zaɓa muku inji. Baƙin ƙarfe yana da arha, yana da sauƙin walda, kuma yana yafe wa mai koyo kurakuransa, sai dai nauyinsa ya kusa ninka na alminiyam sau uku, ga kuma gasa tana ƙayyade nauyi. Alminiyam yana da sauƙin ɗauka, amma waldarsa ce mafi wuyar da za a fara ba yaro. Shi kansa yana narkewa ne a zafin digiri 660, amma ɓawon da iska ke haifarwa a bayansa ba ya narkewa sai zafin ya haura digiri 2,000, wanda ke nufin cikin ya daɗe da zama ruwa alhali bayan yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Ga shi ba ya yin ja kafin ya narke yadda ƙarfe ke yi, don haka mai koyo ba ya samun gargaɗi, sai dai kawai ya ga rami ya buɗe a ƙarƙashin hannunsa. Har ila yau, alminiyam nau'in 6061 da aka fi amfani da shi a wannan aiki yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ko fiye, a gefen wurin da aka yi waldar, domin zafin yana warware gashin wuta da aka yi masa a masana'anta don ya yi ƙarfi. Sau da yawa ɗinkin waldar ba ya karyewa, gefensa ne ke karyewa.

Wanda zai yi waldar alminiyam mai kauri kaɗan yana bukatar injin TIG, wato mai narkar da ƙarfe da tsinken wuta wanda shi ba ya narkewa, mai ba da wutar AC mai kai-komo irin ta gida, da tukunyar iskar argon. A nan ne ake yawan yin asarar kuɗi, domin ƙananan injinan TIG masu araha da yawa wutar DC, mai bin hanya ɗaya irin ta baturi, kaɗai suke bayarwa, wadda ta dace da baƙin ƙarfe da ƙarfen da ba ya tsatsa, amma ba ta fasa wancan ɓawon na alminiyam. Idan mai shago ya ce maka injin yana yin komai, ka nemi ka ga an rubuta AC/DC a jikinsa. Aikin TIG kuma yana cin hannu biyu, ɗaya riƙe da bakin wutar, ɗaya yana tura sandar ciko, sau da yawa ƙafa tana kan feda tana daidaita zafi. Ba na jin ɗalibin da ke zuwa bita sau biyu a mako zai kai matsayin da za a amince masa da firam ɗin gasa cikin watanni huɗu.

Da ni ne a matsayinka, da ƙaramin injin inbata na waldar sanda zan saya, ko injin MIG idan kuɗin sun kai, in fara koyarwa a kan baƙin ƙarfe. MIG ya fi sauƙin koyo, domin injin ne ke turo wayar da kansa, kuma ya fi dacewa da siririn bututu. Waldar sanda ita ce wadda kowa ya sani a garuruwanmu, sandunan 6013 masu kaurin milimita 2.5 suna nan a kowace kasuwar kayan gini, kuma idan injin ya lalace akwai mai gyara, amma tana saurin huda bututun da kaurinsa bai kai milimita biyu ba. Ka kuma tambayi mai lantarkin makarantarku ko layin ɗakin zai ɗauka, domin ƙaramin janaretan gida ba ya jure wannan aiki.

Game da koya wa duka goma sha biyun, ban goyi baya ba. Dukansu su koyi dokokin kariya, da awo, da yanka, da huji, da goge ƙarfe kafin walda, domin a nan rabin ingancin aikin yake. Amma riƙe wutar, a zaɓi uku ko huɗu masu natsuwa, kuma a ɗauko su daga aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, tunda 'yan aji uku hankalinsu na kan WAEC da NECO, kuma da sun ƙware za su tafi da ƙwarewar. Inji ɗaya ba ya ɗaukar mutum goma sha biyu, kowa zai samu 'yan mintuna ne kawai, sauran kuma su tsaya suna kallon hasken da bai kamata su kalla ba.

Kai ma, Malam, idan ba ka taɓa yin walda ba, kada ka koyar da ita daga bidiyon intanet. Ka nemi malamin sashen walda na wata kwalejin fasaha, daga cikin masu shirya ɗalibai domin jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, ko ƙwararren mai walda, tunda kuna Kaduna kuma kasuwar Panteka cike take da su. Sharaɗin kawai shi ne ya yarda ya bi dokokin kariyar makaranta ko da bai saba da su ba a shagonsa.

Tsarin koyon kuwa ba ya son gaggawa. Makonnin farko a ba ɗalibi guntun faranti mai kaurin milimita biyar ko shida, ya yi ta jan layi bayan layi har ɗinkin ya daina fitowa kamar kashin kaji, ya koyi gane bambancin narkakken ƙarfe da ɓawon da ke yawo a kansa. Daga nan ya haɗa faranti biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Duk haɗin da ya yi, a matse shi a kan teburi a buge shi da guduma har ya lanƙwashe ko ya karye, a kuma yanka wani a tsakiya a duba ko waldar ta shiga ciki ko a sama kawai ta kwanta, domin ɗinki mai kyan gani yana iya zama fanko. Sai bayan wannan a koma bututu, a koya masa cewa ƙarfe yana janyewa idan yana hucewa, don haka ana fara ɗosa kowace kusurwa da ɗan ɗigo, a auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu, sai awon ya zo daidai sannan a cike, kuma a riƙa tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Firam da ya karkace da milimita uku ya isa ya sa taya ɗaya ta daina taɓa ƙasa, masu rubuta manhaja su kwana suna neman kuskuren a kwamfuta.

Aikinsu na farko bana ya zama amalanken ɗaukar na'urar, da kantar ajiye batura, da kwaikwayon kayan filin gasa da za ku yi atisaye da su. Idan waɗannan sun jure wannan kakar, baɗi a ba su firam. Kuma duk ranar da za a kai wuta jikin na'urar, a cire baturi da dukkan kayan lantarkinta tukuna.

TAMBAYA: Ɗana yana cikin irin wannan ƙungiya a makarantarsu. Wata rana ya dawo lafiya, amma da tsakar dare ya tashi yana kuka idanunsa sun yi ja kamar an zuba musu yashi, alhali ya ce shi bai yi walda ba, kallo kawai ya yi. In hana shi zuwa ne?

AMSA: Hajiya, abin da kika kwatanta ƙunar hasken walda ce. Wutar tana fitar da hasken da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin zafin rana amma mai tsanani, yana ƙona fatar gaban ido, kuma zafin ba ya tashi sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yakan zo da dare. Mai kallo daga gefe ya fi kamuwa da shi, tunda mai waldar yana bayan garkuwarsa. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma a kai yaron asibiti a duba, domin ƙila akwai ɓurɓushin ƙarfe a idon, kuma kada a ɗiga masa nono, ko ruwan albasa, ko wani maganin da likita bai rubuta ba.

Ba sai kin hana shi ba, amma ki je makarantar ki gani da idonki. A tabbata akwai garkuwar fuska mai baƙin gilashin walda na gaske, mai lamba 10 ko sama, ga mai yi da mai kallo, domin tabarau na rana ba ya tsare komai. A tabbata an kewaye wurin da labulen da ba ya kama wuta, akwai abin kashe gobara, iska tana ratsa ɗakin, kuma babba yana tsaye duk lokacin da injin ke kunne. Ki tambaya kuma ko suna walda a kan farin bututun ruwa mai rufin zinki, domin hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awoyi, kuma shan madara ba ya kare mutum daga gare shi kamar yadda ake faɗa. Tun 2017 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, don haka batun iskar ɗakin ba ƙaramin abu ba ne.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a aji biyu, ina so in shiga cikin masu koyon walda a ƙungiyarmu, amma an ce hijabina zai hana. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yata, hijabi ba ya hana walda, irin yadin da tsawonsa ne abin dubawa. Yawancin hijaban makaranta na yadin roba ne, wanda idan tartsatsi ya faɗa masa yake narkewa ya manne da fata, kuma dogon hijabi yana iya shiga cikin injin gurza ƙarfe ya fizge ki. Ki sa a ɗinka miki gajere na auduga zalla mai kauri, wanda ya kama kai ba tare da allura ba, ki cusa ƙasansa cikin rigar aiki mai dogon hannu, sannan ki ɗora rigar kare gaba ta fata, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Dokar yadin roba ta shafi mazan ma, har rigar ƙwallon da suke son sawa. Idan kin shirya haka, ki kai wa malaminku kayan ya duba, ki nemi a sa sunanki a jerin masu fara jan layi a kan faranti.