Fursuna a Amurka: daga yaushe wa'adin kai ƙara kotun tarayya yake fara aiki?

Tambaya: Yayana yana gidan yari a wata jiha a Amurka. Ya ɗaukaka ƙara har kotun ƙolin jihar, bai yi nasara ba. An ce yana da shekara ɗaya ya kai kuka kotun tarayya. Daga yaushe ake fara ƙirge, kuma me ke tsayar da wa'adin?

Amsa: Allah ya kawo masa mafita, Malama. Ƙarar da kike nufi ita ce ta habiyas kofus, wato fursuna ya roƙi kotun tarayya ta duba ko tsarewar da aka yi masa ta saɓa wa tsarin mulki. Wata dokar tarayya ta 1996 da ake kira AEDPA ce ta yanka mata shekara ɗaya, a sashe na 2244(d) na babi na 28 na kundin dokokin Amurka.

Ba daga ranar da alƙali ya ɗaure shi ake fara ƙirge ba, daga ranar da hukuncin ya tabbata ne. Tunda ya kai har kotun ƙolin jiha, yana da kwana 90 na neman Kotun Ƙolin Amurka ta saurare shi. Ko bai nema ba, sai kwanakin nan sun cika shekarar za ta soma.

Idan ya shigar da sabuwar ƙara a kotun jiha yana ƙalubalantar hukuncin, ƙirge yana tsayawa har a gama da ita. To a nan mutane ke faɗawa rami: tsayawa yake yi, ba komawa farko ba. In ya ci kwana 200 kafin ya shigar, 165 suka rage masa ranar da jiha ta gama. In kuwa shekarar ta riga ta cika, ƙarar jiha ba ta dawo da ko kwana ɗaya. Sannan dole a shigar da ita bisa ƙa'ida. A shari'ar Pace ta 2005, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wadda jiha ta kora saboda latti ba ta tsayar da komai, ko da ta shekara a gaban alƙali. A shari'ar Lawrence ta 2007 kuma aka ce bayan wannan zagaye na biyu babu ƙarin kwana 90, ƙirge yana ci gaba nan take.

Akwai sassauci ga wanda wa'adin ya wuce shi, amma kada ku dogara da shi. Shari'ar Holland ta 2010 ta gindaya sharaɗi biyu: fursuna ya nuna bai yi sakaci ba, kuma wani babban abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi, kamar lauya ya yi watsi da shi gaba ɗaya. Kuskuren lissafin lauya bai isa ba, rashin sanin doka ma haka. Sai wanda ke da sabuwar hujja mai ƙarfi cewa ba shi ya aikata laifin ba. Shari'ar McQuiggin ta 2013 ta buɗe masa ƙofa, sai dai kaɗan ne ke iya shigarta.

In wa'adi ya matso alhali jiha ba ta gama ba, lauya zai iya shigar da ta tarayya ya roƙi a jingine ta. Idan yayanki ne ke rubutawa da kansa, ranar da ya miƙa takardun ga ma'aikatan gidan yari don a aika ita ce ranar shigarwa, ba ranar da suka isa kotu ba. Ya rubuta kwanan watan, ya sa hannu, ya adana shaidar miƙawa.