Ƙadangarena mai gemu yana jan ƙafafun baya: wace fitila zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Yantala, Yamai. Yayana ya kawo mini ƙadangare mai gemu ɗan wata biyar. Yana cikin akwatin gilashi a falo, dab da taga. Kwanakin nan ƙafafunsa na rawa, na baya kuma jan su yake yi. Wani ya ce in sayi ampul mai zafi a kasuwa, wani ya ce sai doguwar fitilar UVB (mai ba da wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani) mai tsada da ake aikowa daga waje. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin zancen fitila, kai shi wurin likitan dabbobi a wannan mako, ka roƙi a yi masa radiyo, wato hoton cikin jiki, a ga ƙasusuwan. Abin da ka faɗa ya yi kama da ciwon laushin ƙashi, wanda rashin kalsiyam ke kawowa. Taɓa haɓarsa a hankali. Ta lafiyayye tauri gare ta, ta mai ciwon kuwa lanƙwasawa take ƙarƙashin yatsa. Amma cushewar ciki ma tana kashe ƙafafun baya, musamman in yana haɗiyar rairayi ko ƙwari da suka fi ƙarfinsa. Yaushe rabonsa da kashi? In da rairayi a akwatin, kwashe shi yau, shimfiɗa takarda, ka cire duk reshen da zai hau ya faɗo, don ƙashi mai laushi ba ya wuyar karyewa.

Asalin dabbar nan busassun yankunan Ostareliya ne. Hasken UVB na rana ne ke sa fatarsa ta haɗa bitamin D3, kuma in babu D3, kalsiyam ɗin da ya ci ba ya shiga jini. Sai jiki ya koma yana zaro shi daga ƙashi. Gilashin taga yana tare UVB kusan gaba ɗaya, saboda haka ƙadangarenka na ganin rana ne kawai, ba ta amfanarsa.

Ampul ɗin kasuwa zafi ne aikinsa, ba ya ba da UVB. Ana bukatarsa don gefen shan ɗumi ya kai digiri 38 zuwa 42, musamman a ɗarin Disamba da Janairu. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi doguwar, irin siririyar da ake kira T5, mai UVB kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. A rataye ta kimanin santimita 30 zuwa 40 sama da inda yake kwanciya, ba gilashi a tsakani, awa 10 zuwa 12 kullum. Ka rubuta ranar da ka kunna ta, domin ƙarfinta na raguwa ko da tana haske. Kada ta wuce shekara. Ƙananan fitilu marasa sunan kamfani, bar su. Araha ba ta ado.

Kada ka zauna jiran saƙo daga waje. Hasken UVB da masu kiwonsa a Turai ke biya da tsada, mu nan kyauta muke samunsa daga rana, kuma ɗaukewar kuran ba ta shafarsa. Sa a yi maka keji na waya, ka fitar da shi tsakar gida da hantsi, rabin awa zuwa awa ɗaya, rabin kejin a inuwa, da ɗan ruwa a gefe. Ka tsaya kusa saboda kyanwa da shaho. Ina roƙonka, kada ka taɓa fitar da shi rana cikin akwatin gilashi. A zafin Afrilu na Yamai, mintoci kaɗan sun isa su kashe shi.

Sai ci. Gyare da fara fosforas ya fi yawa a jikinsu, alhali ana son kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu. Barbaɗa musu garin kalsiyam kafin ka ba shi, kusan kullum tunda ƙarami ne. Kafin ka samu, dafa ɓawon ƙwai, shanya, daka shi lukui. Soyayyiyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ba tasa ba ce, haka ma wadda aka kamo a gonar da aka yi wa feshi. Ƙwaro kada ya wuce faɗin tsakanin idanunsa. Ɗanyen zogale yana da kalsiyam. Alayyafo da yakuwa a rage, suna ɗaure kalsiyam su hana shi shiga jini. Ƙashin zai iya yin ƙwari kuma, amma inda ya riga ya karkace yawanci haka zai zauna.

Tambaya: Daga Tawa nake. Ɗana ya matsa in saya masa irin wannan ƙadangare. Me zan duba?

Amsa: Hajiya, sa a ajiye shi ƙasa ya yi tafiya a gabanki. Ya ɗaga ƙirji da ciki a kan ƙafafu huɗu, baya da wutsiya a miƙe, gaɓoɓi ba kumburi. Tambayi mai sayarwa wace fitila yake kunna masa. In ya rasa amsa, ki haƙura. Yana kai shekara 10 ko fiye, don haka ki tabbatar da inda za ki riƙa samun fitila da kalsiyam tun kafin ki biya.