A ina ake samun kaluluwa a jikin mutum?

Tambaya: Likita, na yi tuntuɓe yatsan ƙafata ya yi ruwa, bayan kwana biyu sai kaluluwa ta fito min a gindin cinya. Me ya kai ta can? Kuma a nan kaɗai take fitowa?

Amsa: Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ba sabon abu ne ya tsiro maka ba. Da ita aka haife ka, kumbura kawai ta yi har hannunka ya ji ta.

Jikin babba yana ɗauke da irin waɗannan ƴan ƙulalai kusan 600, yawancinsu ba su kai ƙwayar wake ba. Aikinsu tace wani ruwa garai-garai da ke tsiyayowa daga tsokoki kafin ya koma cikin jini, suna tare ƙwayoyin cuta. Waɗanda hannu ke iya taɓawa suna wuya, ƙarƙashin haɓa, bayan kunne, ƙeya, hammata da gindin cinya. Akwai kaɗan a gwiwar hannu da bayan gwiwa. Da yawa kuwa suna can ciki, a ƙirji tsakanin huhu biyu da cikin ciki jikin hanji, sai hoton asibiti ke nuna su.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kowane rukuni da yankin da yake gadi. Ruwan ƙafa a gindin cinya ake tace shi, shi ya sa ciwon yatsanka ya tayar da ta can. Ciwon haƙori ko maƙogwaro kuwa, ta ƙarƙashin haɓa yake tayarwa. Hannu da nono kuwa hammata suke zubawa, don haka idan mace ta zo da ƙulli a nono ba ma sallamarta sai mun lalubi hammatarta.

Taka mai zafi ce idan an taɓa, tana kuma motsi a ƙarƙashin yatsa? Wannan yawanci takan sace da zarar yatsan ya warke. Ka kula da gyambon, kada ka matse ta ko ka bari a tsaga.

Wadda ke tayar min da hankali ita ce mai tauri, marar zafi, da ta kafe wuri guda, ko ta haura mako biyu tana ƙara girma, musamman in ga rama, zazzaɓi ko gumin dare. Tarin fuka, ƙanjamau da ciwon daji duk suna iya zuwa da haka. Wadda ta fito a ramin wuya kusa da kafaɗa kuwa, ko ƙarama ce, a kai ta asibiti ba tare da jira ba.