Kwat ɗin ejan da kaftanin Kawu: amsa ga mai zuwa intabiyu a Tema

Wani matashi ɗan Gusau da ke zaune a Nima, cikin birnin Accra, ya rubuto mini hankali a tashe. Watansa bakwai a wurin kawunsa mai sayar da hatsi, ga difloma ta lissafin kuɗi kwance a jaka. Yanzu an ce wani kamfanin ajiyar kaya a Tema na nemansa intabiyu ranar Talata, aikin magatakardan sito. Ejan ɗin da ya kawo maganar ya ce sai ya tura sidi 1,800 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuɗin kwat da laktaye da "share hanya". Kawu kuma ya ce ɗan gidansu ba ya shigar nasara, ko dai kaftani da hula ko ya haƙura. Kuɗin da ke hannun matashin kuwa na ragon layya ne da yayyensa ke jira a gida. Tambayarsa: "Malam, me zan sa?"

Ɗana, kafin mu zo kan riga, riƙe kuɗinka. Kamfanin kirki ba ya sayar wa mai neman aiki kwat, ba ya karɓar kuɗin ganin manaja. Na ga irin wannan da idona. Akwai yaron da ya tura kuɗi da daddare, gari ya waye lambar a kashe. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda aka ce ya zo intabiyu a wani gida a bayan Kasoa, ya je fes da kwat ɗinsa, aka karɓe fasfo da waya, sai da ya yi sati biyu ana tilasta masa kiran 'yan uwa su turo kuɗi. 'Yan damfarar su ma kwat suke sawa, shi ne ma tarkonsu. Gobe da safe ka hau trotro, wato motar haya, ka je Tema da ƙafarka, ka ga ginin, ka tambayi mai gadi ko da gaske ana ɗaukar ma'aikata, ka nemi sunanka a ofishin. Ka kuma tambayi ejan lasisinsa, domin dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta hana kowa sana'ar sama wa mutane aiki ba tare da lasisi ba. In ya fara kame-kame, ka sami amsarka.

To, in aikin na gaske ne, ga shigar. Magatakardan sito ba ya buƙatar kwat. Ka zo daga Nima cikin zafin nan da cunkoson hanyar Tema, kafin ka sauka ka jiƙe sharkaf, kuma kwat ɗin aro da ya fi ƙarfin kafaɗa tun daga ƙofa ake gane shi. Nemi taguwa mai dogon hannu, fara ko ruwan sararin samaniya, marar rubutu, da wando baƙi ko ruwan toka. Ka cusa rigar a wando, ka ɗaura bel, launinsa ya dace da takalmi. Takalmi sau-ciki na fata, a goge, da safa mai duhu. Silifa da kambas su zauna a gida. Duk wannan za ka haɗa shi a gwanjon Kantamanto da kaɗan daga abin da ejan ya nema, musamman in ka yi sammako lokacin da ake kwance dila. Ka duba wuyan rigar da hammata a cikin haske, sannan ka kai wa tela ya rage maka daidai jikinka. Kuɗin telan nan ya fi komai amfani, don riga mai araha da ta zauna ta fi mai tsada da ke lilo. Ka yi guga tun daren Litinin, kada ka dogara da wutar safiya. Laktaye ka naɗe shi a aljihu, in ka ga mutanen ofis da shi ka ɗaura.

Gemunka kada ka aske don wani ejan, mai aski ya daidaita maka shi da saje kawai. Farce a yanke, goro a bari sai an fito. Almiski ɗigo ɗaya ya isa, ɗaki mai sanyin na'ura yana riƙe ƙamshi.

Maganar Kawu kuwa, ina ganin girmansa, shi ya ba ka ɗaki da tuwo, amma a nan bai yi daidai ba. Taguwa da wando sun rufe al'aura, da su za ka yi azahar a Tema ba tare da wani ya ce uffan ba. Kuma Ghana ba ta raina kayan gida: da batakari, rigar saƙi ta arewacin ƙasar, Kwame Nkrumah ya shelanta 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, tun 2004 kuma gwamnati ta ware Juma'a don ma'aikata su sa tufafin ƙasa. Da Juma'a aka kira ka, da na ce ka sa kaftaninka mai sauƙin aiki. Amma Talata ce, ba su san ka ba, kuma aikin na shiga tsakanin kwalaye da motar ɗaga kaya ne. Ka durƙusa ka ce, "Kawu, albarkarka nake nema, ranar Juma'ar farko da kaftanin da ka zaɓa zan je." In ya ƙi, ka roƙi limamin masallacinku ya sa baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata bakwai ɗin nan. Ka san kwana 90 da ECOWAS ta ba ka na zama ba biza sun wuce tuni, ban kuma ji ka ambaci izinin zama ko katin baƙi na NIA, hukumar katin shaida ta Ghana, ba. Bayan gaisuwa, shi za su fara tambaya, domin sai da takardunka kamfani zai nema maka izinin aiki a hukumar shige da fice. Nan ya kamata kuɗin ya tafi, ka biya a ofis da hannunka, ka karɓi rasit. Layya tana kan mai hali ne, kai kuwa ko albashin farko ba ka gani ba. Yayyen da ke zaune suna lissafin aljihun ƙaninsu da ke kwana a shagon hatsi su ji tsoron Allah. Ka kira Inna da kanka yau, ka gaya mata gaskiya, kada ka bari saƙon ya bi ta bakinsu.

Ranar Talata ka bar Nima bayan asuba, takardunka na asali da kwafinsu cikin fayil mai tsabta, da hankici a aljihu. Na asalin ka nuna, kwafin ka miƙa.