Baba zai iya tafiya da ƙafar roba?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yanke wa mahaifina ƙafar hagu ƙasa da gwiwa saboda ciwon sukari, yau sati uku ke nan. Shekarunsa 63. Kafin mu ɗauko shi daga Tawa zuwa Yamai, akwai yadda ake gane ko zai iya tafiya da ƙafar roba? Kar mu sha hanyar sama da kilomita 500, a ƙarshe a jingine ta a ƙuryar ɗaki.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ana ganewa, kuma tun kafin a auna masa ƙafar.

Da farko ku gode wa Allah da aka bar masa gwiwa. Mai ciwon jijiyoyin jini da aka yanke wa ƙasa da gwiwa yana kashe ƙarfin da ya zarce na mai lafiya da kusan kashi 40 cikin 100 a kan tafiya iri ɗaya. In sama da gwiwa ne, abin yakan kai ninki biyu, shi ya sa tsofaffi da yawa ke haƙura su koma keken guragu.

Sai abin da nake fara tambaya: kafin ciwon ya kwantar da shi, yana zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsa? Wanda yake yawonsa wata uku baya ba ɗaya yake da wanda ya shekara a tabarma ba. Shekaru 63 ba su dame ni ba kamar zuciyarsa, ƙodarsa, idonsa, da ko yana riƙe abin da aka koya masa jiya.

Akwai ma'aunin da Robert Gailey, wani masanin gyaran motsin jiki na Amurka, ya fitar a 2002, ana yinsa ko babu ƙafar roba: zama ba jingina, tashi daga kujera, tsayuwa. Ku gwada guda a gida. Baba ya tsaya da ƙafar dama kusa da bango, mutum biyu na gefensa, ya saki hannu. In ya tsaya cak na ɗan lokaci, alama ce mai kyau. In ya kasa yau, a sake bayan sati biyu na motsa jiki.

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne matashin kai. Saboda tausayi sai a cusa shi ƙarƙashin gwiwa, Baba ya ji daɗi, bayan makonni gwiwar ta ƙage a lanƙwashe. Na sha ganin dungun da ya warke sumul amma gwiwa ta ƙi miƙewa, ƙafar roba kuwa ba ta zama daidai a kan haka. Ku cire matashin yau. Ya riƙa miƙe gwiwar, yana kwanciya rub da ciki kullum in numfashinsa bai hana ba. Naɗa bandeji mai talewa kuma ma'aikacin asibiti ya nuna muku, don kumburin dungun ya sauka.

Ƙafar dama ita ce jarinsa, kuma sukarin da ya ci ta hagu bai manta da ita ba. A duba tsakanin yatsu kowane dare, kar ya taka rairayin rana ba takalmi.

Kada ku taso yanzu. Ba a aunawa sai miki ya rufe, kumburi ya sauka, galibi sati shida zuwa takwas bayan yankewar, mai sukari kuma yakan wuce haka. In kun zo, ku gaya wa mai haɗa ƙafar cewa tsakar gidanku yashi ne kuma bayinku na tsuguno ne, don a koya masa da irin ƙasar da zai taka.