Na'urar duba ido a Dubai za ta gane ka bayan shekaru?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hoton idon da aka ɗauke ka a filin jirgin Dubai shekarun baya zai ci gaba da aiki, tunda yanzu ka fara sa tabarau, ga aikin yanar ido yana jiranka.

Galibi zai yi. Na'urar ba ƙarfin gani take aunawa ba. Zanen da ke cikin baƙin ido take ɗauka, zoben nan da ya kewaye ɗigon tsakiya, da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, mai fito da zanen ko a ido baƙi wuluk irin namu. Hanyar da masani John Daugman na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya ƙirƙiro tana mayar da zanen jerin sifili da ɗaya guda 2,048. In saɓanin sabon hoto da tsohon bai wuce kusan kashi 32 cikin ɗari ba, kai ne. Idanun mutane biyu kuwa sukan saɓa da kusan rabi.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Notre Dame ta Amurka sun ga cewa cikin shekara uku na'ura tana ƙara ƙin mai ido na gaskiya. A 2013 hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, wato NIST, ta bi bayanan matafiya na iyakar Kanada, ba ta ga alamar zanen na lalacewa ba. Ta ɗora yawancin laifin a kan buɗewa da tsukewar ɗigon tsakiya. Nan hankalina ya fi kwantawa. Ɗigon yana ƙanƙancewa da tsufa, yana buɗewa a duhu, zoben kuma ya miƙe ko ya takure tare da shi. Fatar ido ma tana saukowa ta rufe saman zoben.

Don haka a gaban na'ura ka cire tabarau saboda ƙyalli, ka buɗe ido sosai. Gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido, in mai launi ne, yana rufe zanen gaba ɗaya, kwalli mai kauri kuma yana rikita gano gefen ido. In likita ya ɗiga maka maganin buɗe ido, kada ka yi rajista ranar. Bayan aikin yanar ido, wasu idanun sukan ƙi dacewa, sai ka nemi jami'i ya sabunta rajistarka.

Daɗewa tana iya sa na'ura ta ƙi ka, amma da wuya ta ɗauke ka wani daban. Tun 2001 Hadaddiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ke kama waɗanda aka kora suka dawo da sabon fasfo ta wannan hanya. Dillalin da ya ce wa wanda aka kora shekaru sun goge sunansa daga na'urar, kuɗin mutumin yake so.